Ɗalibin Kwamfuta da Ƙungiyar Masu Sana'arsa

(Kiɗan buɗe shiri. A rage shi a hankali.)

MAI GABATARWA:   Yau da ɗaliban kwamfuta za mu yi magana, na jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi. Amma iyaye da malamai da masu ɗaukar ma'aikata, kada ku murɗa rediyon, domin kowa da rabonsa a cikin zancen.

Kowace shekara makarantunmu na yaye matasa masu digiri da difloma a fannin kwamfuta. Kowace shekara kuma za ka ji bankuna da kamfanoni suna kukan ba su samun ƙwararrun da suke nema. Ga mai neman aiki, ga mai neman ma'aikaci, gari ɗaya, amma sun kasa gamuwa. Dalilan suna da yawa, sai dai akwai guda ɗaya da ba a cika ambatonsa ba. Makaranta tana koyar da ilimin kwamfuta, ita kuwa sana'ar kwamfuta a wurin masu yin ta ake koyon ta. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu bai taɓa zama da mai cin abinci da wannan sana'a ba, zai fito da takarda a hannu, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Aikin haɗa ɗalibi da masu sana'a shi ne aikin ƙungiyoyin ƙwararru, kuma a kansu shirinmu na yau zai tsaya.

(Gajeren kiɗa.)

Bari mu fara da warware wasu sunaye uku da kan rikita har ɗaliban kansu: NCS da CPN da NACOS.

NCS ita ce Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Najeriya. An kafa ta a 1978, a lokacin ana kiran ta COAN. A wancan zamani kwamfuta ƙatuwar na'ura ce mai cika ɗaki, ba a ganin ta sai a manyan jami'o'i irin su Ibadan da Legas da Ahmadu Bello ta Zariya, da wasu manyan kamfanoni da ma'aikatu. Masu aiki da ita 'yan tsiraru ne, sai suka ga gara su san juna, su riƙa musayar ilimi, su kuma yi magana da murya ɗaya. A 2002 aka haɗe ta da wasu ƙungiyoyin fannin, ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. Hedikwatarta na Legas, tana kuma da rassa a jihohi. A ƙarƙashin inuwarta akwai rukunin masu rubuta manhaja da ake kira ISPON, da na mata da ake kira NIWIIT, da na malaman manyan makarantu, da na ma'aikatan gwamnati. Babban taronta na shekara-shekara yawo yake yi daga wannan jiha zuwa waccan. An yi shi a Gombe a 2019, an yi a Bauchi a 2023, shekarar da Dokta Muhammad Sirajo Aliyu ya zama shugaban ƙungiyar. Na kawo wannan ne saboda masu ɗaukan cewa harkar ta mutanen Legas ce su kaɗai.

CPN kuwa hukuma ce ta gwamnati, wadda doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ita ke riƙe da rajistar ƙwararru, ita ke ƙayyade irin ilimin da ya kamata mutum ya samu kafin a kira shi ƙwararre, tana shirya jarrabawar sana'a, tana kuma da ikon ladabtar da wanda ya yi rajista ya karya ƙa'ida. Kun san injiniyoyi suna da ƙungiyarsu ta NSE, suna kuma da COREN mai yi musu rajista. To haka abin yake a nan: NCS ƙungiya ce, CPN hukuma ce.

Sai ta uku, NACOS, wadda ta fi kusa da ku ɗalibai. Ita ce ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta ƙasa, an kafa ta a 1993, kuma NCS ce uwarta. Da can sunanta na ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne kaɗai, daga baya aka faɗaɗa shi domin ya ɗauki duk masu karanta fannonin da suka danganci kwamfuta. Kusan duk sashen kwamfuta da ka shiga a manyan makarantunmu za ka tarar da reshenta. Waɗanda kuke ba kuɗin ƙungiya a farkon zango, su ba ku rasit, su ne.

Wannan tsari ba mu muka fara shi ba. A Amurka akwai ACM tun 1947, a Birtaniya akwai BCS tun 1957, kuma kowacce tana da ƙofa ta musamman da ta buɗe wa ɗalibai. Ko a gargajiyance ma ba baƙon abu ne gare mu ba. Yaron da aka kai koyon ƙira da zugazugi yake farawa, yana hura wuta idonsa na kan hannun maigidansa, har ya gane launin da ƙarfe kan yi idan ya isa duka. Yana nan zaune zai san masu kawo aiki, ya san farashi, ya ji yadda ake zancen maƙerin da ya yi ha'inci. A saman su duka ga Sarkin Maƙera, mai sasanta rigima da tsawata wa wanda zai ɓata sunan sana'a. Abin da ƙungiyar ƙwararru ke ƙoƙarin yi ke nan, a zamanin da maƙerar ta koma allon kwamfuta.

(Gajeren kiɗa.)

To, me ɗalibi zai samu a zahiri?

Abu na farko, zai san faɗin sana'ar da ya shigo. Da yawa daga cikin 'yan aji ɗaya sun zaɓi kwas ɗin ne don sun ji an ce ana samu, amma in ka tambaye su wane aiki za su yi bayan gamawa sai su yi shiru. A gida ma haka abin yake: da an ji yaro na karanta kwamfuta, sai a fara miƙo masa wayoyin da suka lalace. Alhali fagen ya rarrabu sosai. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin karatu wanda ya ware kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da digiri daban-daban a cikinsa: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar sarrafa bayanai, fasahar sadarwa da sauransu. A 2024 hukumar NBTE mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ita ma ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu, ciki har da ƙirƙirarriyar basira. Sunayen nan a takarda kawai ɗalibi ke ganin su. Amma ranar da reshen ƙungiya ya gayyato wani mai kula da layukan sadarwar banki, ya tsaya gaban aji ya faɗi yadda ake tashin sa cikin dare idan na'urorin cirar kuɗi suka tsaya, da abin da yake fara dubawa, da satifiket ɗin da ya taimake shi, ran nan wani ɗalibi zai ce wannan aikin nake so, wani kuma ya ce a'a, ni ba zan iya ba. Dukkansu sun ƙaru.

Abu na biyu, gasa. NCS na shirya wa 'yan sakandare gasar ƙwazon kwamfuta, rassan NACOS kuma kan shirya tasu a makarantu da shiyyoyi. Domin ku gane amfanin abin, bari in ba ku hoton wadda ta fi shahara a duniya, gasar ICPC, wadda a da ta daɗe a ƙarƙashin inuwar ACM. Ɗalibai uku ake haɗawa, a ba su kwamfuta guda ɗaya tak, a ba su awa biyar da tambayoyi kusan goma ko fiye. Duk tambayar da suka warware, sai a kawo balan-balan a ɗaura a teburinsu, kowa na gani. Idan suka aika amsar da ba daidai ba, a ci su tarar minti 20 a lissafin lokacinsu. Ku duba hikimar da ke cikin kwamfuta ɗaya ga mutum uku. Dole ɗaya ya riƙa bugawa, ɗaya na warware tambaya ta gaba a kan takarda, na ukun na neman kuskuren da ke cikin wadda aka dawo musu da ita. Wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa, in bai iya sakin kujera ya ba ɗan'uwansa ba, sun faɗi. Jarrabawar ƙarshen zango ba ta auna wannan, amma shi ne abin da ake yi kullum a wurin aiki.

Ba sai an je ƙasar waje kafin a yi irin wannan ba. A ce ranar Asabar ce, reshen ƙungiya ya aro ɗakin kwamfuta na sashe, an haɗa kuɗin man janareta. Aka raba ɗalibai huɗu-huɗu, aka ce kowane rukuni ya gina manhajar da uwar adashi za ta riƙa rubuta zubi da kwasa a wayarta. Kafin azahar wani rukuni ya gama, har da launuka masu kyau. Sai alƙalin gasa, wanda ma'aikaci ne da aka gayyato daga gari, ya karɓi wayar ya kashe data, ya ce, "To, a rubuta min zubin yau." Manhaja ta tsaya cik. Ya dube su ya ce, "Ƙannena, matar da kuka gina wa wannan, kullum take da data?" Daga wannan tambaya guda sun koyi cewa mai amfani da abu ake fara dubawa kafin a fara rubutu, kuma ba za su manta ba har abada.

Abu na uku, zuwa koyon aiki, wanda ɗalibai ke kira IT. Asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, an kafa shi a 1971, shi ne kuma ya fito da shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama. Ɗalibin jami'a kan yi kimanin wata shida. Wata shidan nan suna iya zama mafi albarka a duk karatunsa, suna kuma iya tafiya a banza. Mun san yadda ake yi: yaro ya yi ta yawo da takarda ofis-ofis, a ƙarshe a karɓe shi a inda ba abin da zai yi sai kwafin takardu da aiken sayo abinci, ranar Juma'a ya zauna ya ƙirƙiro abin da zai cike littafin rahoto. A nan reshe mai rai yake nuna kansa. Shugabanninsa za su iya ajiye jerin wuraren da 'yan gaba suka je, da abin da kowa ya koyo a can, domin na baya su san inda ya dace da inda bai dace ba. Za su iya zuwa wurin reshen NCS na jiha tun kafin lokaci, su ce ga ɗalibanmu kaza za su fita, mambobinku nawa ne za su iya ɗaukar ɗaya ko biyu? Takardar da ta biyo ta hannun wanda ya san ka a taron ƙungiya ba ɗaya take da wadda aka ajiye a teburin maigadi ba.

(Gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ƙungiyoyin ƙwararrun kwamfuta ke jawo ɗalibai a jika, su ɗora su a kan hanyar sana'a.

Abu na huɗu, kuma a ganina shi ne zuciyar al'amarin, samun babba mai duba maka aiki. A ce wata ɗaliba ce 'yar aji huɗu, ta gina manhajar rajistar marasa lafiya ga ƙaramin asibiti a matsayin aikinta na kammala karatu. Komai na tafiya daidai, ta gwada ta sake gwadawa. Ta kai wa wata ƙwararriya da ta haɗu da ita a taron mata na ƙungiya. Ita kuwa ba ta tsaya kallon fuskar manhajar ba, sai ta buɗe rumbun bayanan, ta ga kalmomin sirri na ma'aikata a jere, kowa na iya karantawa, ga sunayen marasa lafiya da cututtukansu a gefe. Ta ce, "Ƙanwata, in aka sace kwamfutar nan yau, me ɓarawon zai gani?" Ɗaliba ta yi shiru, can ta ce, "Komai, Anti." Sai ta nuna mata yadda ake juya kalmar sirri ta koma wasu haruffa da ba a iya mayar da su asalinsu, ta yadda ko mai manhajar bai san kalmar kowa ba. Ta nuna mata yadda za a raba iko, mai karɓar kuɗi ya ga lissafi kawai, likita ya ga fayil. Aikin bai wuce na yini ɗaya ba. Mai yiwuwa an taɓa faɗin wannan a lakca, amma ba ya zama a kai sai ranar da aka nuna maka shi a cikin aikin hannunka.

Wannan ya kai mu ga abu na biyar, amana. Mai aikin kwamfuta yana ganin abin da ba kowa ke gani ba: albashin mutane, sakamakon jarrabawa, asusun banki, sirrin marasa lafiya. Shi ya sa kowace ƙungiyar ƙwararru ke da ƙa'idojin ɗa'a da mamba ke amincewa da su. Doka ma ba ta yi shiru ba. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Mu faɗa wa juna gaskiya, ilimin da ake kare banki da shi, da shi ake yi masa kutse. Matashin da ya ƙware, aljihunsa babu komai, ga wani abokinsa ɗan damfarar intanet na yawo da sabuwar mota, yana cikin jarrabawa babba. Wa'azi na da amfani, amma abin da ya fi riƙe shi shi ne ya ga na gaba da shi da shekara biyar ko shida, ɗan unguwa irin tasu, yana cin halalinsa da wannan ilimi, yana kuma shirye ya nuna masa hanya. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiya tana ba ɗalibi damar zaɓen waɗanda zai zauna da su.

Kafin mu wuce, kalma ɗaya game da 'yan mata. A azuzuwan kwamfuta da dama a Arewa, maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma 'yan matan da ke ciki sukan rasa shiga harkokin ƙungiya saboda dalilin da ke da sauƙin gyara: an sa horo bayan magariba, ko an kai shi wani wuri mai nisa da makaranta. Shugabannin rassa, ku sa tarukanku da rana, a cikin makaranta, ku gayyato mata masu aikin su yi magana. Rukunin NIWIIT don haka aka kafa shi. Wannan sana'a kuwa tana cikin waɗanda mace za ta iya yi daga ɗakinta, in akwai wuta da intanet, a biya ta daga wani gari ko wata ƙasa.

(Gajeren kiɗa.)

Yanzu kuma sai mu juya ɗaya gefen, domin na san akwai ɗalibin da ke sauraro yana cewa a ransa, "Mu dai ba abin da muke gani sai karɓar kuɗi." Ƙorafin nan yana da tushe. A wasu makarantu reshen ƙungiya ya koma dandalin siyasa zalla. A yi kamfe, a manna fosta, a ci zaɓe, a ɗinka riguna, a yi liyafar ƙarshen shekara, shi ke nan sai baɗi. Shekara ta ƙare ba a koya wa kowa rubuta layi ɗaya na manhaja ba. Su ma manya suna da nasu laifin. Wani ƙwararren ba ya tuna ɗalibai sai ranar da aka gayyace shi karɓar lambar yabo. Kuɗin zuwa babban taro da na mota da na masauki kuma sun fi ƙarfin ɗalibin da ke lissafin abincin gobe.

Gyaran ba ya bukatar miliyoyi. Ɗalibai, ranar da 'yan takara suka zo neman ƙuri'arku, ku tambaye su abu uku: horo nawa za ku shirya a zango, su wa za ku gayyato, kuma yaushe za ku karanta mana lissafin kuɗin ƙungiya? Wanda ya kasa amsawa, kun san matsayinsa. In kuma reshenku barci yake yi, ba sai kun jira zaɓe ba. Mutum biyar da kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu sun isa su fara zaman koyon juna kowane mako, ɗan aji uku ya koya wa ɗan aji ɗaya. Ku kuma ƙwararru da ke rassan jihohi, awa biyu a wata ba za ta rage ku da komai ba. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya yi ta bidiyo. Wanda ya canza kwamfuta a ofis, tsohuwar tana da masu bukata.

Sai wata gaskiyar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: katin ƙungiya ba ya ba da aiki. Ranar intabiyu, musamman a kamfanoni masu zaman kansu, tambayar da za a yi maka ita ce, me ka taɓa ginawa, nuna mana. Don haka duk abin da ka yi a gasa ko a IT ko a zaman koyon juna, ka adana shi a inda za a gani, kamar shafin GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Mu masu jin Hausa ma muna da wata dama a hannu. Akwai masu bincike irin su HausaNLP da Masakhane da ke aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, akwai Common Voice na Mozilla da ke tattara muryoyi, har da na Hausa, akwai Wikipedia ta Hausa. Duk waɗannan ƙofofinsu a buɗe suke ga mai son ba da gudummawa, kuma harshen da ka tashi da shi ya zama jari a wurin. Ga kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan 3, ga cibiyoyin fasaha irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da Startup Kano. Reshe nagari shi ne wanda ke jin labarin irin waɗannan da wuri, ya sanar da mambobinsa, ya taimaka musu wajen cike fom kafin a rufe.

Bayan an gama karatu da bautar ƙasa fa? Hanyar ba ta yanke ba. Mai digiri ko babbar difloma zai iya neman zama mamban NCS, ya riƙa hawa mataki-mataki gwargwadon ƙwarewa da shekarun aiki. Shi ya sa za ku ga wasu na rubuta MNCS a bayan sunansu, manyan da suka daɗe suna hidima kuma FNCS. Zai kuma nemi rajista da CPN, wadda doka ta ɗora wa alhakin tantance masu wannan sana'a. Amfanin zama a ciki shi ne ilimin kwamfuta ba ya jiran kowa. Abin da aka koya maka a aji biyu, kafin ka yi shekara biyar a wurin aiki wani ya tsufa. Tarukan ƙungiya da horonta da mujallarta ta bincike su ne ke sa mutum ya san inda aka kwana. Masu sauraronmu na maƙwabtan ƙasashe kuwa, ku nemi irin waɗannan ƙungiyoyi a inda kuke, kuma ku sani ACM na karɓar ɗalibai daga kowace ƙasa.

(Gajeren kiɗa.)

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku suka ce za su je horon ƙungiya ranar Asabar, ku bincika ku tabbatar, in gaskiya ne ku ba su kuɗin mota da albarka. Wannan ma karatu ne. Idan Allah ya hore, kwamfuta ko da ta hannu ce ta fi wa ɗalibin wannan fanni amfani a kan waya mai tsada. Masu kamfanoni da shugabannin ofisoshi, idan aka turo muku ɗan IT, ku ba shi aikin gaske ko da ƙarami ne, ku haɗa shi da wanda zai duba masa. Ma'aikacin da kuke kukan ba ku samu, ta haka ake yin sa.

Ku kuma ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku bari sai kun karɓi sakamakon ƙarshe sannan ku fara tambayar inda masu sana'arku suke. A cikin makon nan, ka nemi shugaban reshen NACOS na makarantarku, ka tambaye shi abin da aka tsara na wannan zango. In akwai, ka shiga. In babu, ka kawo shawara, ka ce kai za ka fara. Sannan kafin zango ya ƙare, ka tabbata akwai mutum ɗaya mai aikin kwamfuta da ya san sunanka, ya kuma taɓa ganin aikinka ya gyara maka.

A nan za mu dakata. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ba kowa halalinsa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri.)